Kumurcin da Ya Riƙa Komowa Gidan Bari-Dai

Da sunan Allah za a fara, don shi ya halicci mai tafiya da ƙafa da mai jan ciki. Wannan labarin wani bawan Allah ne da ake kira Bari-Dai, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ko da yake a duniyar ma bai wahalar da kansa ba.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In aka ce rufin ɗaki yana yoyo, sai ya ce bari dai damina ta wuce. In ta wuce, ya ce to yanzu ai ba ya yoyo. Manomi ne, gonarsa tana manne da bayan gidansa, can gefen gari inda gidaje suke nesa da juna. Sallah kaɗai ce ba ya ce wa bari dai, wannan kam a yi masa shaida. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Abu biyu ne suka gagare shi a rayuwa: yar da abu, da kashe abu. Sauro in ya sauka a hannunsa, hure shi yake yi. Kaza in za a yanka sai an kira maƙwabci, shi kuma ya tafi duba gona har sai ƙamshi ya tashi. A nan tausayin nasa yake ƙarewa, don cinya yake fara ɗauka.

A bayan akurkin kaji ya tara wani tsibi da ya fi tsayin mutum. Tsofaffin tayoyi, kwanon rufi mai tsatsa, ƙyauren da ɗakinsa ya daɗe da rushewa, kujera mai ƙafa uku, rabin keke. Wai duk za su yi amfani wata rana. Ɓeraye ne suka fara amfana. Kowa kuwa ya sani, inda ɓera ya buɗe kasuwa, maciji ne babban mai ciniki.

Matarsa ana ce mata Mai Kaji. 'Yar gajeruwa ce, ba ta zama, ba ta maimaita magana. Da kajin nan ta rufa wa gidan asiri har 'ya'ya suka girma suka watse. To sai ƙwai ya fara ɓacewa, 'yan tsaki suna raguwa. Wata safiya ta sunkuya za ta miƙa hannu cikin akurki, ta ga baƙin kumurci ya nannaɗe yana hutawa kamar shi ya gina wurin. Ta yi salati ta ja baya, ta wurga masa fartanya. Ba ta sami kai ba, ƙarshen wutsiya ta datse. Ya sulale ya shige tsibin maigida.

Ta ce a kashe shi yau. Bari-Dai ya ce bari dai, ya ji malamai suna cewa macijin gida ana fara yi masa gargaɗi. Ya sa hularsa, ya je gaban tsibin ya yi sallama kamar mai neman aron garma, ya ce, "Bawan Allah, ba faɗa na zo yi ba. Gidan nan da mai shi. Don girman wanda ya halicce mu, ka nemi wani wurin." Washegari bawan Allah ya amsa da haɗiye wasu ƙwayayen.

Da gargaɗi ya ƙi ci, sai ya shiga tsibin nasa ya zaƙulo bokiti mai murfi, da doguwar gwafa, da wani tabarau na masu walda mai ido ɗaya a fashe, saboda kumurci yana fesa dafi a ido. Ya ɗaga tabarau ɗin ya nuna wa matar, ya ce ta ga dai ranar amfaninsu ta zo. Ta ce ta gani, ta kuma ga abin da suka haifa. Allah ya rufa asiri, bayan an sha gumi ya danne wuyan macijin ya tura shi bokiti, ya ɗaure a bayan keke, ya kai shi bakin rafi gindin wata ƙatuwar bishiya ya sake shi. Har nasiha ya yi masa, ga ruwa ga kwaɗi, mai hankali ba ya raina wurin da aka ajiye shi.

Ba a yi kwana nawa ba kaji suka sake tayar da hankali. Bari-Dai ya ce ƙila ɗan'uwansa ne. Mai Kaji ta ce to duk danginsu fartanyarta ta datse wa wutsiya ke nan? Shi ne dai, mai guntun bindi. Aka sake bokiti, aka sake keke, aka sake nasiha. Ya sake dawowa. Tun daga nan ta sa masa suna Guntu, kuma in ta ga maigida yana ɗaura bokiti sai ta ce a gaida mutanen rafi, sai sun dawo.

Maganar ta kai bencin ƙofar masallaci, inda tsofaffi suke zama bayan la'asar su gyara duniya. Babban mai baki a wurin shi ne Direba, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota kafin ya ajiye ya koma kiwon awaki a hayin rafi. Shi a wurinsa maciji ba shi da wani magani sai sanda. Ya ce a zamanin da yake kan hanya ya kashe wanda ya kai tsawon motarsa, ya kuma kashe wani da takalmi yana cikin cin abinci bai ko ajiye cokali ba. Ya ce namijin da yake goya maciji a keke, saura ya saya masa riga. Aka yi ta dariya, Bari-Dai yana murmushi yana kallon ƙasa.

Aka tambayi liman. Liman ya ce abin da yake cutarwa ya halatta a kashe shi, wanda kuma ya iya kawar da shi ba tare da kisa ba bai yi laifi ba, sharaɗi dai kada mutum ya kwashe cuta daga gidansa ya kai wa maƙwabci. Direba ya riƙe farkon maganar, Bari-Dai ya riƙe tsakiyarta. Ƙarshen kuwa, a kan benci aka bar shi.

Duk da haka Bari-Dai ya ajiye girman kai ya roƙi Direba ya zo ya yi aikin, tunda shi hannunsa ya saba. Direba ya buga ƙirji ya ce gobe. Gobe ta yi, bayansa ya riƙe. Jibi, akuya tana haihuwa. Gata kuma sandar da yake aikin da ita wani ya ara.

Abin ya daina zama na dariya ranar da Guntu ya sari kazar da Mai Kaji ta fi so, wadda take kwance a kan ƙwai, ya kuma fesa wa ita Mai Kajin dafi ya sami gefen mayafinta, saura kaɗan ido. Ba ta yi ihu ba. Ta wanke fuska, ta zo ta tsaya a kan maigida, ta ce, "Baban yara, shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa ɗaure kaya ba. In wancan abin ya sake kwana a nan, ni da kajina mun tafi wurin yayata. Ka zauna da shi, ya riƙa dafa maka."

Ya san ba ta maimaita magana. A ranar ya kama Guntu ya kai shi rafi, wannan karon har da roƙo. Ya dawo ya yi ta addu'a. Kwana kaɗan, ta ga sawun jan ciki a bakin akurki.

Da gari ya waye ta ɗaure ƙunshinta, ta zuba kajin a kwando. Bari-Dai ya ɗauki kwandon a kansa ya bi ta a baya, yana ba ta haƙuri yana kuma taya ta tafiya. Ta ce ta bayan gida za su bi, ba ta son idon mutane. Suna zagayowa bayan tsibin sai ga babur a jingine. Ga Direba a tsugune, ya sa tukunyar ƙarfe a ka, ya naɗe hannu da tsohon bargo, yana kwance bakin buhu da tsinin sanda daga nesa. Buhu ya buɗe, Guntu ya fito a natse, ya shige ƙarƙashin tayoyi kamar wanda ya sauka a tashar garinsu.

Ashe sawun da ta gani jiya na wata tsohuwar igiya ne da wata akuya ta ja. Ashe kuma bishiyar nan ta bakin rafi, bayanta garken awakin Direba yake. Duk lokacin da Bari-Dai ya sauke fasinja, Direba ne yake dawo da shi. Maciji yana zuwa a keke yana komowa a babur.

Mai Kaji ta ajiye ƙunshinta ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ya ciwon bayan nasa.

Direba ya cire tukunyar a hankali. Ya ce, "Maƙwabci, ni fa na ɗauka naka ne. Na ga kai kake kawo shi. Amana na riƙa dawo maka da ita."

Bari-Dai ya buɗe baki zai ce bari dai, ta ɗaga masa hannu. Ta ce tunda Allah ya haɗa ta da jarumai biyu, ɗaya ba ya kisa don tausayi, ɗaya ba ya yi don ciwon baya, to ga yadda za a yi. Yanzu za su kama shi tare, mai tabarau da mai tukunya. Za su hau babur su wuce rafi, su wuce gonaki, har can duwatsun da ba mai noma ba mai kiwo. Ita ma za ta hau, don ta ga inda aka sauke shi da idonta. In sun dawo kuma, tsibin nan ba zai kwana ba. In ba haka ba, liman zai ji yadda aka yi da ƙarshen maganarsa, bencin masallaci kuma zai ji labarin tukunya.

Haka aka yi. Mutanen da suke hanya a safiyar nan sun ga babur da tsofaffi uku, Direba a gaba, Mai Kaji a baya, Bari-Dai a tsakiya rungume da bokiti yana karanta duk addu'ar da ya sani. Da aka buɗe murfin a gindin duwatsu, Guntu bai ko waiwayo ba. Wannan ya ɗan sosa wa Bari-Dai rai.

Kafin azahar mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da amalanke. Abin da bai ɗauka ba aka cinna masa wuta, ɓeraye suka yi ta fita kamar an tashi daga kasuwa. Bari-Dai ya tsaya yana kallon kujerar nan mai ƙafa uku tana ci, hawaye a idonsa, ya ce hayaƙi ne. Tabarau kaɗai ya ɓoye a aljihu. Ta gani, ta ƙyale shi. Ta saki kajinta, ta kwance ƙunshinta, ta ɗora tukunya.

Ya rayu shekaru bayan haka a tsakar gida shararriya, duk da an sha kama shi yana shigo da ƙusa ko murfin kwalba a aljihu. Direba kuwa ya ci gaba da ba da labari a benci cewa shi ya gama da kumurcin gidan Bari-Dai da duka ɗaya, kuma kowace shekara macijin yana ƙara tsawo. In aka juyo aka tambayi Bari-Dai ko haka ne, sai ya gyara hularsa ya ce, "Bari dai." Allah ya gafarta musu duka, ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin abin da ya halitta.