Gidan Surukin Mama Theresa

Shekara ashirin da shida Mama Theresa ta yi tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Kakuri. Daga ƙauyen mijinta, Baba Etim, can bakin teku, ake aiko mata da shi. 'Yan shekarun nan kayan suka riƙa raguwa. Masunta suka ce ruwa ya ɗumama, kifi ya gudu, teku kuma tana cin gaɓa. Ita ta ɗauka lalacinsu ne kawai.

Da Baba Etim ya rasu, ta tafi da gawarsa gida, domin a al'adarsu a tsakar gidan mahaifi ake binne namiji. Da suka isa, ƙanin mijin, Okon, ya sa ta a kwalekwale. Ya yi ta tuƙi, sannan ya tsaya a tsakiyar ruwa.

"Matarmu, ga gidan Baba nan."

"Ina, Okon? Kada ka yi mini wasa yau!"

Ya nuna wani kututturen kwakwa da ya ɗan leƙo saman ruwa, inda gidan yake a da.

"Ko kuka ban iya ba," in ji ta daga baya. "Akwatin gawa na jira a mota, ni ina kallon ruwa."

A bayan cocin wani gari suka binne shi, cikin baƙi.