Akwatin da aka ajiye mana a maƙwabta

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani bene a unguwar Ka'akiyya da ke Makka, na kamu da son wani wasa da ake saya ta waya a kawo maka har gida. Akwati ne, cikinsa labarin kisan kai na ƙirƙira: hotunan waɗanda ake zargi, shatin yatsu, taswira, da takardu masu jan hatimi sak na 'yan sanda. Sai ku baje su a tabarma ku gano mai laifi. Duk Alhamis bayan la'asar ni da ƙanwata muke zama a kai, mahaifiyata na gefe tana tsintar shinkafa tana cewa ba mu da aikin yi. Wasan nan ya lalata ni, wallahi. Ko cokali ya ɓata a gida sai na tsare kowa da tambaya.

Ƙofarmu na kallon ta wata baiwar Allah da muke kira Inna. Ta Chadi suka shigo ita da mijinta, tana sayar wa alhazai yaji da kuka a Jarwal. Aminiyar mahaifiyata ce ta gaske. Kwano ɗaya ke yawo tsakanin gidajen biyu, ya tafi da tuwo ya dawo da ɗanwake.

Wata rana mai kawo saƙo ya zo ba ma nan, ya bar akwatin wurin Inna. Sai washegari ta miƙo mini shi ta bakin ƙofa, ko idona ba ta kalla ba. Na lura gefensa ya yage an liƙe. Da muka baje kayan, taswirar gidan da aka yi kisan babu ita.

Na ce wa ƙanwata, "An buɗe akwatin nan."

Ta ce, "To, 'yar sanda, an fara ke nan."

Amma ai ina da hujja. Kwano ya daina dawowa. In Inna ta ji motsina a matattakala sai in ji ta murɗa makulli. Mijinta ya bar zuwa masallacin unguwa. Sannan na ga ana shigar da kwalaye gidan, babu komai cikinsu. Na zauna na haɗa wannan da wancan, na yanke cewa mutanen nan akwai abin da suke ɓoyewa. Har na je na faɗa wa mahaifiyata, ina jin kaina.

Ta ajiye tiren shinkafa ta ce, "Yalla, ɗauko tarkacen naki ki biyo ni."

Ta daɗe tana sallama kafin Inna ta buɗe. Falon duk an ɗaure kaya, har labule an sauke. Mahaifiyata ta ce, "'Yar'uwa, tashi za ku yi ban sani ba? Me na yi miki?"

Inna kuwa ni ta kalla. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da taswirar, ta linke ta har ta yi laushi. Zanen bene ne, ƙofofi biyu na kallon juna, an zagaye ɗaya da jan biro.

"'Yata, ki gaya mini tsakaninki da Allah, wa kike kai wa rahotonmu?"

Ashe iƙamar mijinta, takardar izinin zamansa, ta ƙare tun da aka rufe shagon da yake aiki, bai samu sabuntawa ba. Akwati ya yage a hannunta, ta ga hatimi, ta ga hotunan fuskoki da shatin yatsu, ta ga ƙofar da ta ɗauka tata ce.

Na durƙusa na zazzage kayan a gabanta ina cewa, "Inna, wasa ne, wallahi wasa ne. Mutanen nan ma babu su a duniya." Na nuna mata hoton iyalin da ke jikin kwalin, suna wasan suna dariya.

Ta ɗauki takarda ɗaya mai hatimi ta jujjuya ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wato wannan abin kuke saya don jin daɗi? Mu irinsa ne ke hana mu cin abinci."

Ba su tashi ba. Mahaifiyata da hannunta ta taya ta mayar da labule, kwano ya ci gaba da yawonsa, daga baya kuma Allah ya rufa asiri takardar ta fito.

Ni a Makka aka haife ni, takarduna kuma daidai suke, ban taɓa jin ƙwanƙwasa ƙofa gabana ya faɗi ba, shi ya sa na tara alamu kaf na karanta su a juye. Har gobe ina yin wasan, amma na koma karɓar akwatin a wurin aikina. Inna kuwa har muka bar benen nan, in mai saƙo ya miƙa mata wani abu namu, hannayenta take mayarwa baya ta ce ya jira masu shi.