Sunan da Ba Mu Taɓa Kira Ba

Yayana ya rasu a shekarar da aka juya hannun tuƙi, motar haya ce ta kife da su a hanyar Kaduna. Lokacin ina kwalejin horon malamai mata. Da na dawo hutu gidanmu na Ƙofar Kibo, na tarar da matarsa tana takaba a ɗakin da ya bar ta, duk ta lalace, sai idanu. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye, kuma a da ba ta da aiki sai tsokanata. Ta ce mini 'yar boko, in ce mata baƙauyiya, mu yi ta yi har Inna ta kore mu daga tsakar gida. Yanzu ko kallona ba ta yi. Ba ta ci, ba ta kuka. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, tuwo dai yana komawa madafi yadda ya zo. Wallahi na tsorata, don na ga alamar bin sa za ta yi.

Na zo da wani littafin Turanci da na aro a makaranta. A bangonsa an zana wani dodo mai jikin ƙadangare da fukafukan jemage, yana aman wuta a kan dutse. Ni haushi ma littafin yake ba ni. Soyayya ce, wai, amma saurayi da budurwa sun kusa cinye littafin suna kallon juna, iyakar abin da suka yi shi ne riƙe hannu, shi ma sai da suka nemi gafarar juna. Ga dodanni suna ta magana kamar dattawan unguwa. Na ce wannan ai shirme ne, Turawa ma ashe suna da lokacin ɓatawa.

Wata rana da hantsi ina zaune a bakin ƙofarta da littafin, sai na ji murya a bayana.

"Wannan wane irin ƙadangare ne?"

Na juya da sauri. "Ƙadangaren Turawa ne, baƙauyiya. Ki sha kunun nan in ba ki labarinsa."

Ta sha kaɗan. Haka muka fara, ina karantawa ina mayar mata da Hausa, kowane babi da ludayin kununsa. Inna ta ce tatsuniya da rana ba kyau. Na ce karatu ne, Inna, ga takarda. Ta tafi tana gunaguni, amma ta ƙara wa kunun tsamiya.

Abin da ya ba ni haushi a littafin shi ya kama matar yayana. Ta ce yarinyar tana da tarbiyya, an yi mata reno. Da babban dodon ya sure saurayin ya kai shi kan dutse, ya shafe masa tunani har ya manta ko shi wane ne, rannan ta ƙi kunun sam. Sai da na rantse mata akwai saura.

A babin ƙarshe yarinyar ta hau dutsen ita kaɗai. An gaya mata ba takobi ba layar da za ta ƙwato shi, sai dai mai ƙaunarsa ta tsaya a gabansa ta kira sunansa da ƙarfi. Ta kira, ya farka, ya gane ta. Na rufe littafin ina cewa to, kin ji, ƙarshen shirmen ke nan.

"Sunansa ta kira? Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Ba ta ji kunya ba?"

Na buɗe baki zan yi mata dariya, sai na ga fuskarta, na fasa.

"Ni ban taɓa ba," ta ce. "Malam nake ce masa. Ko a raina Malam nake cewa."

A gidajenmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Inna ma ba ta faɗin sunan yayana, don shi ne ɗanta na fari, sai dai ta ce yaron nan. Ni kuwa tun da na buɗe ido Yaya na sani. Sai a lokacin na lura, mu uku da muka fi kowa son sa a duniya, ba wadda sunansa ya taɓa fita daga bakinta. Baƙin ciki ya kama ni, har da haushin kanmu.

Ta riƙo hannuna, nata duk ƙashi. "'Yar boko, ku an cire muku kunya a makaranta. Faɗa mini shi in ji."

Ashe ba a cire ba. Harshena ya yi nauyi. Da ƙyar na faɗa, a hankali. Ta maimaita a bayana, ta sake maimaitawa. Sannan kukan da ta riƙe tun ranar da aka kawo gawa ya ɓalle mata, ta kifa kai a cinyata tana kiran sa, tana ƙara kira.

Na ɗaga kai na ga Inna a bakin labule da ƙwaryar kunu. Na san yau za mu sha faɗa. Sai ta ajiye ƙwaryar, ta zauna a ƙasa a dokin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ku ɗaga murya," ta ce. "Ba na ji sosai daga nan."