Ranar da Harshen Gwaggo Lut Ya Dawo

Duk safiya, tun mai burodi bai gama jera kaya ba, za ka hango Gwaggo Lut a kan tsohon kekenta ta gangaro ta bayan cocin garinmu Gooik, ta nufi gidan giyar Firmin. Ba ta shan kofi kafin aiki, ba ta shafa turare. Da ta shiga rumbu sai ta bi gangunan katako layi-layi, ta zare toshiya, ta tari kaɗan a kofin gilashi, ta shinshina, ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar. Wannan ta ce a bar ta ta ƙara kwana. Waccan ta nuna, a haɗa ta da ta lungu.

Sunanta Lutgart Wijns, amma yara da manya Gwaggo Lut suke cewa. Sama da shekara arba'in ke nan ita ke ɗanɗana giyar 'ya'yan itace a gidan nan, ta ceri da ta rasberi da ta inabi, tana gwada wannan da waccan kafin a ɗura a kwalba. Sunan mahaifin Firmin ne a jikin kwalbar. Nata bai taɓa hawa ba.

Lokacin da manyan kamfanoni suka cika kasuwa da giya mai zaƙi kamar alewa, Firmin ya same ta a rumbu yana sosa ƙeya.

"Lut, mutane fa zaƙi suke so yanzu. Mu ma mu zuba sukari mu huta."

"Zuba a shayinka," in ji ta. "Gangunan nan ba za su ga sukari ba ina raye."

A shekarun ne kuma aka yi ta sare bishiyoyin ƙananan ceri masu tsami don a gina garejin mota. Ita ta bi gida-gida, ta roƙi wannan, ta yi wa wancan faɗa, ta raba dashe a bakin coci bayan sujada. Yau idan watan Yuli ya kama, da bokitai cike da ceri mutanen gari ke yin layi a ƙofar Firmin, hannuwa jajur.

Ke ce kika hana garinmu mance ɗanɗanon abinsa, Gwaggo. Amma ba don wannan kaɗai muke jinjina miki ba.

Shekarar korona ciwon ya kwantar da ita. Ta tashi, ta koma aiki, ta kurɓi ganga ta farko, sai ta ji kamar ruwan famfo. Ta gwada ta biyu, haka. Ta cusa hanci a kwandon rasberi, ko alama. Ta zauna a kan akwati. Tana iya ɓoyewa, don ba mai musa mata magana a rumbun nan. Sai ta miƙe ta tafi wurin Firmin.

"Nemi wani. Hanci ya tafi, harshe ya bi shi."

"Wa zan nema? Ni da ko ceri da albasa ba na bambancewa?"

Dole shi ya haɗa giyar wannan shekarar. Da ta fito, tsofaffin da ke zama a mashayar kusa da dandali suka yamutsa fuska. Wani ya ɗaga kofi ya ce, "Firmin, wannan ta wanke ƙafa ce ko ta sha?" Aka yi dariya, amma masu saye suka fara ja da baya. Firmin, da shi ma tsufa ya kama shi, ya fara zancen sayar da gidan.

Mijinta Remi, tsohon mai raba wasiƙu, shi ne bai yarda an gama ba. Likita ta ce a riƙa ba hanci aiki, sai Remi ya ɗauki abin kamar yaƙi. Kullum da safe zai jera mata lemun tsami, kanumfari, na'a-na'a, cuku mai wari. Wata rana har safarsa ta jiya ya miƙa mata.

"In wannan ba ta tashe shi ba, sai dai mu kira fada daga coci ya yi masa addu'a."

"Kawar min da ƙazantarka, tsohon banza!"

Ta yi dariya, ta juya baya ta share hawaye. Sanyi ya zo ya wuce, ba labari. Sau da yawa ta ce a bari, Remi ya ƙi.

Ran nan tana ninke kaya a ɗaki, sai ta ji ƙauri, ta ɗaga murya: "Remi, me kake ƙonawa kuma?" Shi yana kicin, ya mance dankali a kan wuta. Ya fito da cokali a hannu, suka tsaya suna kallon juna. Dankalin ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula.

Daga nan ta koma rumbu kamar sabuwar ɗaliba. Tsami ya fara dawowa, sannan ɗaci, ƙamshi ya zo daga ƙarshe. Ta zaɓi gangunan da za a zuba wa ceri, ta yi jira, ta haɗa, duk da ba ta san ko harshen da ya dawo shi ne na da ba.

A bikin kaka aka yi gasar da aka saba a zauren bayan coci. Gidajen giya na ƙauyukan kewaye kowa ya kawo tasa, aka jera kofuna ba suna, jama'a na kurɓa suna gardama. Aka matsa sai Gwaggo Lut ta fito gaba. Ta ɗauki na farko: "An yi gaggawar fitar da ita." Na biyu: "Sukari. Mai ita ya ji kunya." Ta kai kan wata ta rasberi, ta lumshe ido.

"Wannan ba tamu ba ce, kuma ta fi tamu. Ko ta wace ce, sannu da aiki."

"Lut!" Firmin ya dafe kai. "A gaban mutane?"

"To ƙarya zan yi?"

Sai aka zo kan na ceri. Ta kurɓi ɗaya, ba ta tofar ba. Ta ajiye kofin a hankali ta ce, "A kan wannan ba zan ce komai ba. Ku faɗa da bakinku." Jama'a suka ɗaga hannu, kusan duk zauren ita ya zaɓa. Da aka buɗe sunan, ta gidan Firmin ce. Wurin ya kaure da ihu da dukan tebur. Remi ya hau kujera yana cewa, "Matata ce! Matata ce!" har aka riƙe masa ƙafa kada ya faɗo. Tun daga ranar Firmin bai sake zancen sayarwa ba.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan ta koyar da mata biyu da za su gaje ta.

Gwaggo Lut, mai harshen gaskiya, ke ce kika rasa abin da kike taƙama da shi, kika faɗa ba ɓoye-ɓoye, kika sake koyonsa da furfura a kanki. Mun gode. Duk wanda ciwo ko tsufa ya ƙwace masa sana'a har yana shirin sallamawa, ya je ya zauna da matar nan, yana tashi zai sake gwadawa. Mu kuma da muka daɗe muna shan aikinta ba mu ce mata sannu ba, ranar Asabar ta ƙarshen watan nan ƙofar rumbu a buɗe take. Mu je mu gaya mata tana ji.