Kurɓi Ɗaya Da Ya Ɗauke Mini Murya

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ni saurayi ne ɗan Jibiya, mai shiru-shiru da kunyar tsiya. Babana hatsi yake lodawa a manyan motoci zuwa Maraɗi, innata kuma ko sunanta ba ta iya karantawa. Ni ne na fara zuwa jami'a a duk zuriyarmu. Da aka ce ilmin sinadarai zan karanta, Baba ya bi tasha yana shaida wa abokansa cewa ɗansa zai yi aikin mai. Ranar tafiyata har 'yan'uwanmu na Magama sai da suka zo rakiya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, makarantar da na gama ba ta da ɗakin gwaje-gwaje na kirki. A allo malaminmu yake zana mana kayan aiki, mu kwafa, mu haddace. Da na isa jami'a sai na tarar abokan karatuna yawancinsu 'yan manyan makarantu ne, suna ɗaukar kwalabe da bututun gilashi kamar kayan ɗakin uwarsu. Turancinsu da sauri, nawa da ƙyar. Sau ɗaya na yi tambaya a aji, aka kwashe da dariya saboda yadda na furta wata kalma, daga nan na kulle bakina. Ni kaɗai nake cin abinci, ni kaɗai nake komawa ɗaki. In an ce kowa ya nemi abokin gwaji, ni ne ragowar da ake jonawa da duk wanda ya makara.

Wata rana da hantsi aka ba mu aikin auna ruwan soda, irin mai ƙunar nan da ake sabulu da ita. A wancan zamani da baki ake zuƙo ruwan cikin wani siririn bututu har ya kai wani zane, sannan a toshe da yatsa. Kwalabe biyu ne a kan tebur, ɗaya an tsarma ta da ruwa, ɗaya mai ƙarfi ce wadda ba a taɓa ba. Malamin ya yi bayani da sauri, ban gane wadda ya ce a ɗiba ba. Wanda aka haɗa mu yana can yana hira da abokansa. Na dube shi, na dubi malamin, na ji ba zan iya jure wata dariyar ba. Sai na zura bututun a kwalbar da ta fi kusa da ni na zuƙa. Ruwan ya taho da gudu ya cika mini baki, cikin firgita na haɗiye.

Ko a lokacin ban yi magana ba. Na kuskure baki a famfo, na koma na tsaya kamar ba abin da ya faru, alhali maƙogwarona kamar an zuba garwashi. Sai bayan azahar wani mai shara ya tsince ni a baranda, miyau na zuba, numfashi na gagara. Na yi makonni a asibiti. Likita ya ce sodar ta ƙona mini maƙogwaro da hanyar abinci, da an kawo ni da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ya ce in koma gida in huta, murya kuma sai abin da Allah Ya yi.

Haka na dawo Jibiya ba murya, na rame kamar kara. Garin kuwa ya cika ya batse. Motoci sun yi layi har shingen kan iyaka, sa'o'ina da ba su yi boko ba kowa da sabon babur da rediyo, suna kai da kawo tsakaninmu da Maraɗi. Da farko an yi ta zuwa dubiya, amma mutum ba ya daɗewa wurin wanda ba ya amsawa. Sai a zauna a gabana ana zancena kamar ba na nan. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce karatu ne ya taɓa mini kai. Kawuna ya ɗauko wani mai magani daga Gangara, aka ɗura mini jiƙo mai kauri, na shaƙe har idona ya juye. Ina da amsar duk abin da suke tambaya, amma ba hanyar faɗa. Inna ce ta fi ba ni tausayi. Takan tace koko da ƙyalle har ya zama kamar ruwa, ta zauna tana kallona ina kurɓa, ta tambaye ni ko da zafi, in girgiza kai ko da akwai. Da yamma nakan zauna gindin wata bishiyar bedi a bakin hanya in yi ta kallon motoci suna tsallakawa, har a kira magariba.

Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, amma ya daina zancena a tasha. Sai da damina ta wuce muryata ta fara dawowa, a dushe, kamar ana goga ƙarfe. Rannan bayan la'asar muna zaune a zaure ni da shi, na daure na ba shi labarin duka, kalma ɗaya-ɗaya. Na zaci zai ce na yi wauta. Sai ya tambaye ni, wai duk yawan mutanen da ke ɗakin nan babu ko ɗaya da zan iya taɓa wa kafaɗa? Na ce masa babu, Baba. Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce shi yana nan yana alfahari, ashe ɗansa yana can cikin jama'a kamar wanda aka yar a daji. Ranar na fara ganin hawayensa.

Na koma na maimaita shekarar, na gama, na yi aikin gwajin ruwan sha har na yi ritaya. Amma muryar ba ta koma daidai ba, kuma har yau ba na iya haɗiye tsokar nama. A wurin biki ko suna sai in koma gefe da kununa, don kada a yi ta tambaya.

Na rubuto ne saboda ɗalibai irina da ke barin ƙauyukansu a yau. Dariyar da na guda da ta wuce kafin a tashi aji, abin da na zaɓa a madadinta kuwa da shi zan shiga kabari. In ba ka gane ba ka tambaya, in ka ji ciwo ka yi ihu tun da wuri. Ku kuma da kuka san hanya, in kun ga wani tsaye shi kaɗai yana duban kwalabe bai ce komai ba, kada ku ɗauka ya iya ne. Ku matsa kusa da shi.