Susana Tanko, wadda ta koya mana zaɓen ƙofar da za mu yi wa sallama

Ranar Talata, 14 ga watan Maris na 1989, ina bakin aiki a Buza, Inuwa direbanmu ya shigo ya tsaya bai zauna ba. Ya ce, "Laraba, sai haƙuri. Madam Susana ta tafi da hantsin nan." Kin rasu a ɗakinki a Madawa, Yaya Susana, bayan jinyar da ba ta daɗe ba, mijinki Musa da ƴaƴanki suna kewaye da ke. Na yi kuka, amma da na zauna rubuta wannan sai na tarar godiya ta fi hawaye yawa a zuciyata.

Na fara saninki a 1976. Kin dawo daga karatu a Yamai, an ɗora miki aikin binciken lafiyar yara a Madawa da Buza da Keita, ni kuwa sabuwar ma'aikaciyar jinya ce aka haɗa da ke. Aikinmu shi ne mu auna damtsen yara da igiyar awo, mu gano yawan masu tamowa. Ba mai iya auna yaran ƙasa duka, dole a ɗebi wasu su tsaya a madadin saura. Na tambaye ki me zai hana mu auna waɗanda iyayensu ke kawowa asibiti, tun da ga su nan a inuwa sun cika. Kika yi murmushi kika ce, "Ƙanwata, wadda ta iso nan tana da jaki, ko tana kusa, ko mijinta ya yarda. Wadda ba ta da ko ɗaya fa, wa za shi faɗi nata?"

Ba ki taɓa riƙe hanya ɗaya kin ce ita ce ta fi ba. Kikan duba gari tukuna. A ƙaramin ƙauye inda maigari ya san kowane magidanci, sai ki rubuta sunaye a guntayen takarda, ki zuba a ƙwarya, ki sa tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta ɗebo idonta rufe. Mutane sukan yi dariya, amma ba wanda ya taɓa cewa an yi son kai. A babban gari kuwa, inda rubuta kowa zai cinye mana yini, sai mu bi layi muna tsallake gida huɗu muna shiga na biyar. Ko wannan ma ba ki sake jiki da shi ba. Wata rana a Urno kika tsaya tsakiyar hanya kika ce duk gidan da muka shiga yana da rumbu babba. Ashe ƙirgar tamu tana faɗawa kullum kan gidajen bakin lungu, na masu hali. Kika ce mu koma mu jefa ƙuri'a. Rana ta yi zafi, na yi gunaguni, kika saya mini fura kika ce in sha in huce.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce 1984, da damina ta ƙi. Aka ce za a kawo taimakon hatsi da madara, amma ana son a san inda yunwa ta fi tsanani. Man mota kaɗan aka ba mu, ba ya isa mu bi gida ɗaya nan ɗaya can. Kika ce to, ƙauyuka za mu zaɓa da ƙuri'a, in mun shiga ƙauye mu auna yara da yawa a wuri guda. Amma kafin ƙuri'ar kika raba ƙasar uku: mutanen kwari masu lambu irin na Tama, mutanen tudu da gero kaɗai suka dogara da shi, sai makiyaya, Fulani da Buzaye, da dabbobinsu suka mutu. Kika ce in aka zuba su a ƙwarya ɗaya, makiyaya ba su da yawa, hannu zai iya ɗebowa bai taɓa ko ɗayansu ba. Kowane rukuni kika ba shi ƙwaryarsa.

A wajen Karofane ƙuri'a ta faɗa kan wata tunga da ke bayan duwatsu, inda mota ba ta hawa. Inuwa, mutumin kirki ne kuma yana tausayin ƙafafunki, ya ce, "Madam, ga gari nan bakin hanya, duk yunwa guda ce. Mu auna nan mu wuce." Kika ce, "Malam Inuwa, in munka canza don wahala, gobe za mu canza don kunya, jibi don wani babba ya roƙa." Muka ari jaki muka ɗora ma'auni, muka hau da ƙafa. Inuwa da kansa ya ja jakin.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru a makon da muka hau tungar. Yayata Biba tana aure a wani ƙauye kusa da Tama, ta aiko mini cewa ɗiyarta Zaliha ta kumbura ƙafafu, yaran unguwarsu ma haka. Ƙauyen bai fito a ƙuri'a ba. Na same ki na ce ki saka shi, ƙauye ɗaya ba zai ɓata komai ba. Kika kama hannuna kika ce, "Ba zan saka shi a lissafi ba, Laraba. In na ƙara inda na san akwai ciwo, kwari zai fito ya fi tudu wahala, a kai hatsin inda bai kamata ba. Amma magani ba ya jiran ƙuri'a." Ran Lahadi muna fitowa daga majami'a kika ɗaura zane, kika ɗauki madara da garin gyaɗa daga naki ɗakin, muka hau motar kasuwa. Kika yini kina nuna wa Biba da maƙwabtanta yadda za su dama kunu su ba yaro kaɗan-kaɗan. Kika dawo da Zaliha gidanki, ta zauna cikin ƴaƴanki har ta miƙe. Biba musulma ce, kuma in ta zo duba Zaliha, duk lokacin sallarta ke ce mai shimfiɗa mata tabarma.

Da sakamako ya fito, sai ga shi yaran makiyaya sun fi kowa ramewa, na tudu na biye, kwari kuwa da ɗan dama. Motocin taimako na farko suka nufi rugage da zanguna, wuraren da a da ba a ko tunawa da su. Ba ki yi alfahari ba. Cewa kika yi awo na iya kuskure, shi ya sa kullum kike rubuta iyakar abin da muka sani da inda muke shakka.

A shekarunki na ƙarshe kin koyar da ƴan mata da samari da yawa. Kin ga auren ɗiyarki Jima, kin goya jikanki, kin ci albasar lambunki. Da na zo duba ki makon jiya kina ta ba'a, kina cewa Musa ya koyi dama kunu da tsufansa. Kika ce mini, "Na ƙoshi da duniya, ƙanwata, ba ƙoshin fushi ba, ƙoshin wanda ya ci ya gode." Ranar jana'izarki masu waƙar majami'a suna gefe ɗaya, liman da dattawan unguwa suna zaune a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa tare da Musa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Musa, da Jima da ƙannenta, da dangin mahaifin Susana, marigayi Tanko, da abokan aikinmu na Madawa da Buza da Keita. Ubangiji ya sanyaya zukatanku, ya riƙe gidan da ta bari. Ke kuma Yaya Susana, Allah ya ji ƙanki, ya yafe kurakuranki, ya karɓe ki cikin salamarsa. Kin yi tafiya da yawa cikin rana saboda ƴaƴan mutane. Allah ya ba ki inuwa, ki huta.