Kiran da Inna Ta Yi da Asuba

A gidanmu na Achika, Iya ce mai wuta. Kakarmu ce ta wajen uba, 'yar ƙaramar tsohuwa mai faɗan tsiya, amma da an idar da sallar isha'i sai ta zama wata daban. Ta sa mu kwaso karan dawa mu zube a ƙofar ɗakinta, ta hura, ta tura gyaɗa cikin toka, ta ɗauko mazarinta ta hau kaɗi. Mu jikoki mu kewaye ta, wannan na ture wancan. Ban taɓa zaton wata tatsuniya daga bakin wutar nan za ta biyo ni har Wudil, ta same ni da 'ya budurwa, ta kunyata ni a gaban uwar da ta haife ni ba.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ƙare mana kallo ta ce, "Wa ya baro kunnensa a ɗaki?" Mu ce babu. Ta ce, "To ga wata nan tafe, ku matsa mata ta zauna."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Barci. Wai Barci wani tsoho ne mai yawo da ƙwarya, yana bin gida gida bayan isha'i yana ɗibar wa kowa rabonsa. Akwai wata yarinya da aka ɗora wa korar tsuntsaye a gonar geron ubanta. Wani dare ta jiyo kiɗa daga bakin kogi, ta sulale ta tafi leƙe. Ashe 'yan ruwa ne ke rawa a kan yashi, rawar da ba ta ƙarewa, da wannan ta sauka sai wata ta hau. Yarinya ta ce bari in ga guda in koma. Ta ga wannan, ta ga waccan, har zakara ya yi cara. Barci kuwa ya je gidansu bai same ta ba. A nan Iya kan tsayar da kaɗi ta nuna mu da mazari.

"Kuna zaton zubarwa ya yi? Barci ba ya zubar da rabon kowa. Rufe ƙwaryarsa ya yi ya bi ta gona."

Da hantsi ya tarar da ita a gindin wata bishiya, ya juye mata rabon nata gaba ɗaya. Tsuntsaye suka sauka suka yi yadda suka ga dama. Ko da ta farka, ba abin da ya rage a gonar sai kara a tsaye. "Na ajiye ta a nan," in ji Iya. "Ku tashi, kar tsohon ya zo ya tarar ba kwa nan." Da gudu muke watsewa.

Ni ba na yin nisa, don a ɗakin Iya nake kwana. Haka ake yi a gidanmu, tsohuwa ba ta kwana ita kaɗai, jika mace ake ba ta. Aikin ba shi da yawa. Ki miƙa mata ruwa in ta nema, da asuba ki kama ta ta miƙe, ki kai mata buta. Abin da ake so kawai kunnenki ya zama a kusa.

Shekaru suka ja. Na yi aure a Wudil, maigidana direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Da gwiwoyin Inna, mahaifiyata, suka fara ba ta wahala, ni na tsaya kai da fata sai an ba ni ita. Kowa ya san uwa ba ta cika zama a gidan 'ya mace ba, kuma yayana Sabi'u bai so ba sam. Na ce masa asibiti ya fi kusa da ni, ga kuma 'yata Nusaiba mai shekara goma sha biyar, za ta kwana da Inna yadda na kwana da Iya. Har gori na yi masa, Allah ya yafe mini, na ce matarsa ba ta iya riƙon tsoho ba. Ya haɗiye ya kawo ta. Amma na sani sarai, ranar da wani abu ya samu Inna a hannuna, ranar zai zo ya ɗauke abarsa.

Ina sayar da atamfa da mayafai ta waya. Hoto ake ɗorawa, mata su gani su yi magana. To datar rana tsada gare ta, ta tsakar dare kuwa araha ce. Ni da wayona sai na ba Nusaiba tsohuwar wayata, na ce in dare ya raba ta riƙa ɗora mini hotunan, tunda ta fi ni iya latse-latsen nan. Aikin ɗan lokaci ne. Ban taɓa tambayar abin da take yi da sauran datar har gari ya waye ba. Da wane baki ma zan tambaya? Ni kaina ina ɗakina ina kallon bidiyon girki da na biki, in wani ya ba ni dariya in tura mata, ta maido mini da wani. Uwa da 'ya ke nan, bango ɗaya ne tsakaninmu, kowa ido biyu.

Kuma ba a ce ban ga alama ba. Malamarsu ta aiko cewa tana gyangyaɗi a aji. Idonta kullum ja, abu kaɗan ta hau fushi, ta ɗora tukunya ta manta har ta kama. Na ce girma ne ke zo mata. Inna ma sai da ta ce mini, "Ƙawar nan tawa fa, cikin dare fuskarta haske take yi kamar ta haɗiyi fitila." Na yi dariya na wuce.

Wata asubar Juma'a Inna ta so tashi alwala. Ta kira Nusaiba, shiru. Ta dafa bango ta lallaba, a bakin ƙofa gwiwa ta ƙi, ta faɗi a kan ƙugunta. Nan ta kwanta a kan siminti har rana ta fito, sannan ni na fito ina miƙa na gan ta. Nusaiba na ciki tana sharar barci, abin jin sauti toshe a kunnenta. Likita ya ce ba karaya, amma ta bugu ƙwarai.

Yaya Sabi'u ya shigo cin kasuwa ranar, labari ya same shi a can. Yana sallama na san abin da ya kawo shi. Don in wanke kaina sai na jawo Nusaiba gabansa, na fizge wayar, na zazzage ta tas. Marar tausayi, marar amfani, kakarki na kira kina barcin asara. Yarinya na kuka, amma ko sau ɗaya ba ta ce ni na sa ta ba. Wannan shirun nata har yau yana cina.

Inna na kwance, ta ɗago hannu. "Hansatu, ƙyale yarinyar nan."

"Inna, ki bar ni da ita, ai..."

"Na ce ki ƙyale ta. Ita kaɗan na kira, na ga abin ya fi ƙarfinta. Sauran duk sunanki na yi ta kira. Tagarki ma a buɗe take."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Da Yaya ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Fita ya yi ya nemo mota. Da maƙwabta suka fito tambaya, Inna ta ce musu zafin Wudil ne ya ishe ta, kuma ta yi kewar furar gida. Har a ranar, asirina take rufawa.

Da muna yara na ɗauka tatsuniyar Iya dabarar kora mu ɗaki ce. Da na girma na ɗauka laifin yarinyar ne mai son kallo. Sai yanzu nake tambayar kaina ina manyan gidan suke lokacin da ta fita, da wanda ya buɗe mata ƙofa. A nawa gidan dai na san ko wace ce. Na ba Nusaiba haƙuri, abin da ban taɓa jin an yi wa ɗa a gidanmu ba. Wayoyinmu biyu yanzu a kicin suke kwana, atamfa kuwa duk mai so ta gani da rana. Ta daina gyangyaɗi a aji, har ƙiba ta yi.

Inna ta warke, tana takawa da sanda. 'Yar Yaya Sabi'u ce ke kwana da ita. Da sallah na je Achika, na durƙusa a gabanta na ce ɗakinta na nan a share, komai ya gyaru, ta dawo. Ta dafa kaina ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Allah ya yi miki albarka, Hansatu. Ki bar ni a nan ɗin. In na kira, ana amsawa."

Ban sake tayar da maganar ba.